Daga Ƙirga Mamata Zuwa Sauraron Majiyyaci

A 1835, da masana a Paris suka duba alƙaluman likita Jean Civiale kan farfasa tsakuwar mafitsara ba tare da yanka ba, abin da ake ƙirgawa shi ne waɗanda suka mutu. Daga 1980, bayan likitocin Munich sun fara farfasa tsakuwar ƙoda daga wajen jiki, ma'aunin ya koma hoto: ta fita ko da saura? Duka biyun sun bar majiyyaci a baya. Mutumin da hotonsa ya fito tas yana iya kwana zirga-zirgar bayan gida, bututun da aka sa masa na sukarsa, fargabar dawowar ciwo na hana shi tafiya. Wannan giɓi ne tambayoyi 28 na Wisconsin da ake yi wa masu tsakuwar ƙoda, waɗanda masu bincike Penniston da Nakada suka fitar a 2013, suka zo cikewa, kuma an makara ƙwarai.

Masu suka na cewa jin jiki ba ya aunuwa. Amsar mutum ɗaya kam tana iya yaudara, amma idan aka yi wa ɗaruruwa tambaya iri ɗaya, aka maimaita bayan magani, sai a ga wane aiki ne ya fi saurin mayar da mutum ga barcinsa da sana'arsa.