TARIHINMU: INA ƳAR DA TA GUJE WA AURE TAKE ZUWA?

A wannan fitowa za mu duba tarihin ƴan mishan da ƴan mata masu gudun auren dole, don mu ga abin da ya shafe mu a ciki.

Tun zamanin Sarki Tanimun, ba a rasa yarinyar da ke gudun miji ba. Takan tafi wajen gwaggo ko kawu, wani lokaci ta kai kuka gaban alƙali. In kowa ya maido ta, sai ta shiga uwa duniya. Mun san ƙarshen wannan hanya.

Faransawa sun ci Zinder a 1899, garin kuma ya zama babban birnin Nijar daga 1911 har 1926. Ƴan mishan na S.I.M. sun sauka Zinder a 1924, nan ne masaukinsu na farko a ƙasar. Amma Damagaram ƙasar malamai ce, kumandan kuma ba ya son abin da zai ɓata shi da sarakuna, balle daga baƙi masu jin Ingilishi. Mutane sun karɓi maganinsu, kaɗan ne suka karɓi addininsu. Saboda haka ƙarfin aikin ya koma yamma: Tsibiri, Maraɗi, Galmi inda suka buɗe asibiti a 1950, da Danja inda suka kafa wurin jinyar kutare. A Sura, kusa da Maraɗi, sun yi makarantar ƴan mata, ana koyon karatu da Hausar boko, da ɗinki da aikin gida. Niyyarsu ba ɓoyayya ba ce: su tarbiyyantar da matan da Kiristoci za su aura. Duk da haka, yarinyar da ke aji ba ta ɗakin miji, kuma shekarun da ta yi can sun ba jikinta lokacin ƙosawa.

Inda ƴan mata suka riƙa gudu zuwa mishan da yawa shi ne ƙasar Mosi, Burkina ta yau, inda ake ba da yarinya kyauta tun tana goye. Rigima ta yi ta tashi tsakanin fadoji da sarakuna. Wata ƴar'uwa ta cocin Katolika, Marie-André du Sacré-Cœur, wadda ta karanta shari'a, ta kai maganar har Faransa. A 15 ga Yuni 1939 aka sa hannu a dokar Mandel: ba a aurar da mace ƙasa da shekara 14, ko namiji ƙasa da 16, kuma sai da yardar su biyun. A 1951 dokar Jacquinot ta zo a kan tsadar kuɗin aure. Dokokin sun hau kanmu mu ma, sai dai a ƙauyukanmu sun tsaya a takarda, don ba a gaban kumandan ake ɗaura aure ba.

Maganar kaciyar mata kuwa, a Kenya ta fi zafi. A 1929 mishan na Sukotilan suka ce duk Kiristan Kikuyu ya bar ta ko ya bar coci. Mutane da yawa suka fice, suka kafa makarantunsu. Abin lura ne: umarni daga baƙo, in na gida bai sa baki ba, ba ya nisa. A wajenmu irin wannan kaciya ba ta yaɗu ba. Ƙidayar 2012 ta sami mace 2 cikin 100 a Nijar. Amma kada mu wanke hannu. Muna da cire angurya da yankan gishiri. In haihuwa ta yi gardama aka kira wanzami, askarsa tana iya huda mafitsara. In kuma yarinya ƙarama ta kwana biyu tana naƙuda, kan ɗa yakan danne naman har ya mutu. Ƙarshen duka biyun yoyon fitsari ne, miji ya guje ta, a ware mata kwano. Dokar Nijar ta haramta kaciyar mata a 2003, a 2012 kuma aka buɗe wurin gyaran masu yoyo a Danja.

Na kusa da zamaninmu shi ne aikin Uwa Marie-Catherine Kingbo, mutuniyar Senegal. A 2006 ta kafa ƙungiyarta a yankin Maraɗi, suka buɗe makaranta da wurin kwanan ƴan mata a Tsibiri. Dabararta ta bambanta da ta Kenya: ta riƙa tara masu gari da limamai, a zauna a yi magana a kan auren wuri. Ta rasu a 2021. A Zinder kuwa, ranar 16 ga Janairu 1915 ba a san mishan ba, amma ranar 16 ga Janairu 2015, cikin fushin zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa, an ƙone coci-coci har da makarantar Katolika, wadda ƴaƴan Musulmi ke karatu a cikinta. Mafakar da ke hannun baƙo kaɗai, rana ɗaya tana iya zama toka.

To, ina muka tsaya? Ƙidayar 2012 ta nuna ƴan mata 76 cikin 100 a Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, jihohin Maraɗi da Zinder kuma suna cikin na gaba. A Disamba 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare ƴar makaranta. Mu malaman lakwal mun san inda gizo ke saƙa: yarinya ta gama aji shida, kwaleji yana gari, ba ta da masauki, sai uba ya ce gara aure. Abin da mishan ya ba ƴan mata ba wani sihiri ba ne: ɗaki, tuwo, babbar mace mai tsaro, da allo. Ba wanda ya fi ƙarfinmu a ciki.

Malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi umarni a nemi izinin budurwa. Saboda haka muna roƙon taro mai zuwa ya duba abu biyu. Na ɗaya, ƴan'uwa masu gida a Zinder su rubuta suna, kowa ya riƙe yarinya ɗaya, ƙungiya ta taimaka da hatsi. Na biyu, dattawa su zaɓi gida ɗaya a ƙauye, wanda yarinyar da ta gudo za ta shiga, kada a fitar da ita sai liman da mai gari sun ji ta bakinta.

Allah ya shirya mana zuriya, amin.