Lissafi a takardun kwamfuta: yadda makafi ke karanta shi

Makaho na iya karanta rubutun da ke kwamfuta ko wayar salula ta hanya biyu: manhajar da ke furta rubutu da murya, ko na'urar da ke fitar da shi da ɗige-ɗigen birail a ƙarƙashin yatsu. Da rubutun yau da kullum babu wata matsala, domin layi ɗaya yake bi daga hagu zuwa dama. Lissafi kuwa yana da sama da ƙasa: adadi bisa adadi, ƙaramar lamba a kafaɗar babba. Ma'anar tana cikin wurin da kowace alama ta zauna.

Inda matsalar take

Idan malami ya ɗauki hoton takardar aiki ya tura ta WhatsApp, ko ya manna hoton lissafi cikin takardar PDF, manhajar ba ta ganin lamba ko ɗaya. Sai dai ta ce "hoto", ko ta yi shiru. Furta lissafin ma kaɗai bai wadatar ba. Wanda ya ji "6 a tara da 4 bisa 2" bai san ko 10 za a raba biyu a samu 5 ba, ko 4 kaɗai za a raba a samu 8. Mai ido yana ganin tsawon layin rabawa ya gane nan take. Mai saurare sai an faɗa masa inda saman ya fara da inda ya ƙare.

Lissafi a birail

Louis Braille, ɗan Faransa da aka haifa a 1809, ya wallafa tsarinsa a 1829. Ɗigo shida ne, kuma alamomi 63 kawai ake iya haɗawa da su, abin da ya yi wa lissafi kaɗan. Shi ya sa aka tsara ƙa'idoji na musamman. A Faransa, Louis Antoine, masanin lissafi da ya makance a yaƙin duniya na ɗaya, ya tsara wadda har yau ake kira da sunansa. A Amurka, Abraham Nemeth, wanda aka haifa makaho, ya fitar da tasa a 1952. Ƙa'idojin biyu sun bambanta, don haka wanda ya koyi ta Faransanci ba lalle ne ya iya karanta littafin Amurka ba.

Hanyar MathML

A 1998 ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar da MathML. Wannan tsari yana ajiye lissafi tare da gininsa: ga saman rabo, ga ƙasansa, ga inda ya ƙare. Daga rubutu guda, allo yana nuna wa mai ido lissafin yadda ya saba, manhaja tana furta shi daki-daki, na'urar birail kuma tana juya shi zuwa ɗige-ɗige. Mai raunin gani na iya ƙara girmansa ba tare da ya dushe ba. Firefox ya daɗe yana karanta MathML. Chrome ya fara a watan Janairun 2023. Manhajar NVDA, wadda aka ƙirƙira a Ostareliya a 2006, kyauta ce, kuma tana aiki da shi a kan Windows.

Abin da ya rage ga mai rubutu

Malamin da ke shirya darasi ko gwajin BEPC da BAC ya buga lissafinsa da kayan rubuta lissafi na Word, ko da tsarin LaTeX da malaman jami'a suka saba da shi, sannan ya ba ɗalibi ainihin takardar maimakon hotonta. Idan zane ya zama dole, a rubuta bayaninsa da kalmomi a ƙasa. Ɗalibin da takarda ta zo masa a hoto sai ya jira wani ya karanta masa, kuma kuskuren mai karatun a kan makinsa yake faɗawa.