Wusasa da 'Ya'yan Riƙon Likita Mila

Matafiyin da ya fita ganuwar birnin Zariya ya nufi wajen dutsen Kufena, ba zai yi nisa ba sai ya riski wani gari a gindin duwatsu, wanda mutanensa Hausa suke yi tsantsa, da riga da hula suke ado, amma ran Lahadi, in an kaɗa ƙararrawa, sai ya gan su sun nufi wata majami'a ta ginin ƙasa, mai bakan gizo da azara irin na sorayen sarakuna. Wannan gari shi ne Wusasa, kuma wanda ya bi salsalarsa zai tarar galibinta daga yara ta faro, marayu da 'ya'yan talakawa waɗanda ƙaddara ta jefa hannun 'yan mishan tun ba su mallaki hankalinsu ba.

A shekarar 1900 ne wata ƙaramar tawaga ta ƙungiyar C.M.S. ta Ingila, bisa jagorancin Bishop Tugwell, ta keto ƙasar Hausa har Kano, da niyyar neman iznin zama. Sarkin Kano Alu bai ba su fuska ba, ya umarce su da su bar masa gari, suka juyo suka yada zango a Girku, cikin ƙasar Zazzau, inda ajali ya riski ɗayansu. Cikin tawagar akwai wani saurayin likita, Walter Miller, wanda Zagezagi suka riƙa kira Likita Mila. Kafin ya zo ya riga ya zauna a Tarabulus yana koyon Hausa wurin fatake da mahajjata, kuma a can ne ya haɗu da wani yaro Bahaushe mai suna Abdulmajid, wanda ya rasa mahaifinsa a hanyar hajji, ya ɗauke shi riƙo. Yaron nan shi ne ɗan riƙonsa na fari, kuma abin da ya gudana tsakaninsu, na ciyarwa da koyarwa da zama gida ɗaya, shi ne ya zama tafarkin Mila har ƙarshen aikinsa.

Bayan da Turawa suka ci ƙasar, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawari a Sakkwato, cikin 1903, cewa gwamnati ba za ta sa hannu cikin sha'anin addini ba, kuma razdanoni suka fassara wannan alkawari da cewa ba za a bar 'yan mishan su yi wa'azi a ƙasashen sarakunan Musulunci ba. Duk da haka Mila ya sami shiga birnin Zariya cikin 1905, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta. Ya so ƙwarai a ba shi 'ya'yan sarakuna da malamai ya koya musu boko, amma hukuma ta yi tsoron abin da zai biyo baya, ta ɗora wannan aiki a kan wani Bature da ake kira Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano cikin 1909. Da ƙofar manya ta rufe, sai ya zama abin da ya rage wa 'yan mishan shi ne yaran da babu mai jayayya a kansu.

Irin waɗannan yara kuwa suna da yawa a wancan zamani, domin dokar 1901 ta hana cinikin bayi, ana ta tare ayarin masu fataucinsu a hanya, ana ƙwace ƙananan yara waɗanda aka sato daga ƙasashe masu nisa, waɗansu ba su san sunan garinsu ba, balle hanyar komawa. Gwamnati ta tara su a gidan 'yantattun bayi na Zungeru, daga baya ta miƙa su ga ƙungiyar S.U.M., wadda ta buɗe musu gida a Rumasha cikin 1909, da sunan Lucy, marigayiya matar Karl Kumm, wanda ya kafa ƙungiyar. A can aka koya musu karatu da noma da ɗinki da sassaƙa, tare da addinin waɗanda suka riƙe su.

Amma labarin da ya fi taɓa zuciyata shi ne na Isawa. Tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi ɗan Dabo aka yi wani malami, Malam Ibrahim, wanda nazarinsa na Alƙur'ani ya kai shi ga fifita matsayin Annabi Isa, alaihis salam, fiye da yadda jumhurun malamai suka yarda, har aka yanke masa hukuncin kisa, aka zartar a kasuwar Kano. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse, waɗansu suka fake wajen Ningi, waɗansu cikin ƙauyukan iyakar Kano da Zazzau, suna riƙe da aƙidarsu a ɓoye, 'ya'ya suna gada daga iyaye. Wajen 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka ji labarin wani Bature a Zariya mai ambaton Isa da harshen Hausa, suka zo suka same shi, kuma ba a jima ba aka sama musu fili a Gimi domin su taru wuri ɗaya su yi noma, tare da wani limamin Kirista baƙar fata, W. A. Thompson, wanda ya fito daga tsibiran Karibiyan. Gari ya fara kafuwa, an yi shuka an girbe, sai ga ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya faɗa musu, ya riƙa ɗaukar magidanta da matan aure ɗaya bayan ɗaya, har cikin 'yan shekaru kaɗan Gimi ta zama kufai. Yaran da suka tsira, da yawansu ba uwa ba uba, aka kwaso su zuwa gidan Mila a birni.

A gidan nan Mila shi ne uba, shi ne malami, shi ne likita. Da Hausa yake koya musu karatu kafin Turanci, bai raba su da tufafinsu ko abincinsu ba, yana da zafin horo, yana kuma da naci wajen neman wa mai hazaƙa hanyar ƙaro ilmi a Ikko ko Ingila. Sai dai bai taɓa ɓoye maƙasudinsa ba, wato su tashi Kirista, kuma a nan ne nake ganin wajibi ne a yi adalci ga ɓangarorin biyu. Malaman birni da suka ƙyamaci makarantarsa suna da hujja, domin yaron da aka ɗauka yana ɗan shekara shida, ba dangi kusa da shi, addinin mai ciyar da shi zai bi, ba da wani zaɓi nasa ba. Kuma wata ƙasida da 'yar'uwarsa Ethel ta wallafa, mai suka ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ta ƙara tabbatar musu da zatonsu. Amma kuma ba na iya musun cewa lokacin da marayun Gimi suke kwance cikin cuta da yunwa, hannun da ya miƙo ya ɗauke su na mutumin nan ne, alhali kafalar maraya tana cikin manyan abubuwan da shari'armu ta kwaɗaitar da mu a kansu.

Zaman mishan a tsakiyar birni bai daina damun fada da razdan ba, har cikin 1929, zamanin Sarki Ibrahim ɗan Kwasau, aka mayar da shi bayan ganuwa, a Wusasa, inda aka gina majami'a da makaranta da sunan Bartholomew, da asibiti da sunan Luka. Mila bai so tashin ba; ya koma ya duƙufa kan fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga cikin 1932, ya kuma rasu a ƙasar Jos cikin 1952.

Yaran kuwa suka girma suka hayayyafa. Daga cikin jama'ar nan aka sami John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, da Ishaya Audu, jinin Isawa, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, kuma a makarantar Wusasa ne Yakubu Gowon, ɗan malamin majami'a, ya fara karatu. Likita Dikko, ɗan Arewa na farko da ya zama likitan zamani, wanda ya yi karatunsa a Birmingham, shi ma a hannun mishan ɗin nan ya tashi, kuma lokacin da 'yan bokon Arewa suka taru a Kaduna cikin 1949 suka ƙaddamar da Jam'iyyar Mutanen Arewa, a zauren da Malam Abubakar Imam da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano suke zaune, shi suka zaɓa ya zama shugabansu.