Firintar da Ba Ta Cin Takarda

Babu shafi a cikin fayil ɗin Word. Abin da ke ciki rubutu ne da umarni: nan kan magana ne, nan a karkata haruffa, nan a bar tazara kaza. Inda layi zai karye da inda shafi zai ƙare kuwa, sai an buɗe fayil ɗin manhaja take lissafawa, gwargwadon salon haruffan da ke cikin kwamfutar, a da ma har da irin firintar da aka jona mata. Shi ya sa ɗalibi zai kammala kundinsa shafi 80 cif, ya kai shagon buga takardu ya tarar ya zama 83, jadawali ya rabe gida biyu, wurin sa hannun malami ya tsallaka shafin gaba shi kaɗai. Duk tarihin mayar da rubutu zuwa PDF ƙoƙari ne na a yi wannan lissafi sau ɗaya, a ɗaure shi, kada ya sake motsi.

John Warnock da Charles Geschke ma'aikatan cibiyar binciken Xerox ne a Palo Alto ta jihar Kalifoniya. Sun ƙirƙiro wani harshe na bayyana wa firinta siffar shafi, kamfanin ya yi ta jan ƙafa wajen fitar da shi kasuwa, sai suka ajiye aiki suka kafa Adobe a 1982. Harshensu na PostScript ya fito a 1984, shekara ta zagayo Apple ya sa shi a firintarsa ta LaserWriter. Sai dai PostScript cikakken shirin kwamfuta ne, kafin a ga shafi na 200 sai an bi ta kan na gabansa, kwamfutocin lokacin kuwa ba su da wannan ƙarfi. A farkon shekarun 1990 Warnock ya tsara wani aiki da ya kira Camelot: a tace PostScript, a bar zanen shafi kawai, kowane shafi ya tsaya da ƙafarsa. Daga nan PDF da manhajar Acrobat suka fito a watan Yunin 1993.

Dabarar da suka bi wajen juya takardu ita ce ta fi burge ni. A lokacin kowace manhajar rubutu da nata tsarin ajiya, Word daban, WordPerfect daban. Adobe bai tsaya koyon karanta su ba. Ya lura cewa duk bambancinsu, kowace ta iya abu guda: tura aiki ga firinta. Sai ya ƙera firintar bogi mai suna PDFWriter, wadda ke bayyana a jerin firintoci kamar kowace, amma idan aka tura mata aiki fayil take fitarwa. Ga manyan ayyuka kuma akwai Distiller, mai karɓar PostScript ya mayar PDF. Ana iya sa shi gadin wata jakar fayiloli: ma'aikaci ya jefa aikinsa a ɓangaren shiga, jim kaɗan ya tarar da PDF a ɓangaren fita, ba tare da kowa ya danna komai ba. Nan ne asalin juyawa mai sarrafa kanta.

Da farko kasuwa ba ta karɓa ba, kuma laifin farashi ne. Distiller dala 695, manhajar karantawa ta Reader kaɗai dala 50. Wa zai aika wa mutum wasiƙar da sai ya biya kafin ya buɗe? A 1994 Adobe ya mayar da Reader kyauta, hukumar harajin Amurka ta rungumi tsarin wajen rarraba fom-fom ɗinta, abokan hamayya irin su Envoy da Common Ground suka shuɗe. Wani abin da ya taimaka shi ne tun farko Adobe ya wallafa bayanin tsarin PDF ga kowa. Ghostscript, wadda L. Peter Deutsch ya fara fitarwa a 1988, ta koyi rubuta PDF, kuma a kanta aka gina firintocin bogi na kyauta irin su PDFCreator da CutePDF.

Amma firinta tawada kawai take gani. Ba ta san wannan layin babi ne ba, ba ta san wancan mahaɗin intanet ne ba, don haka duk suna zubewa a hanya. Gyaran shi ne manhajar rubutun ta fitar da PDF da kanta. OpenOffice ta sa wannan maɓalli a 2003. Microsoft ya so yin haka a Office 2007, suka yi sa-in-sa da Adobe a 2006, ya cire shi ya mayar ƙarin da ake saukewa daban, sai a 2009 ya dawo cikin manhajar. Kafin nan, a 2008, PDF ya bar hannun Adobe ya zama ma'aunin duniya mai lamba ISO 32000.

Maɓalli ya wadatar da mai takarda ɗaya. Banki ko jami'a mai karɓar dubbai a rana fa? Sun gwada ɗora Word a kan sabar, wato kwamfutar da ke aiki ba tare da mutum a gabanta ba, suna ba shi umarni ya buɗe, ya juya, ya rufe. Matsalar ita ce an gina Word ne don mutumin da ke zaune a gabansa. Da tsakar dare sai ya ci karo da fayil mai tangarɗa, ya fito da ɗan akwatin tambaya, ya zauna jiran amsa a ɗakin da babu kowa, sauran takardu na layi a bayansa har gari ya waye. Microsoft da kansa ya sanar cewa ba ya goyon bayan amfani da Office ta wannan hanya.

Mafita ta zo daga Jamus. Kamfanin Star Division ne ya gina manhajar StarOffice, kamfanin Sun ya saye shi a 1999 ya buɗe tushen manhajar a 2000, daga nan aka samu OpenOffice, sannan LibreOffice a 2010. Masu gina su sun shafe shekaru suna tono tsarin fayil ɗin Word ta hanyar gwaji, domin sai a 2008 Microsoft ya saki bayaninsa ga kowa. Ana iya tada LibreOffice ba tare da ta nuna komai a allo ba, layin umarni guda ya isa ta juya jaka guda. Da yawa daga shafukan intanet da ke cewa a ɗora fayil a karɓi PDF, ita ce ke aiki a bayan labule.

Sai dai ita ma sai ta sake lissafa shafin nan daga farko, ke nan tsohuwar matsalar tana nan. Idan sabar ba ta da salon haruffa na Calibri, za ta ari wani salon, layuka su goce. Don haka aka zana haruffa masu faɗi daidai da na Microsoft: Red Hat ya fitar da Liberation a 2007 a madadin Arial da Times New Roman, daga baya Carlito ya tsaya wa Calibri.

Mai rubutu da Hausa ya fi kowa sanin wannan ciwo. Idan salon da sabar ta zaɓa ba shi da ƙ, ɗ ko ɓ, ko dai ta aro su daga wani salon su fito bare a tsakiyar kalma, ko ta ajiye ɗan akwati a gurbinsu, kuma da zarar sun shiga PDF haka za su zauna. Tsofaffin takardun da aka buga kafin tsarin haruffa na Unicode ya yaɗu sun fi wahala, domin salon haruffan wancan lokaci ɗora zanen ƙ yake a kan gurbin wata alama daban. PDF ɗinsu yana nuna Hausa tsaf a ido, tunda ya ƙunshi zanen haruffan a cikinsa, amma a nemi kalmar ƙasa a ciki ba za a same ta ba, a kwafo ta kuma wata alama ce za ta fito a farkonta.