Yadda Aka Sauya Dokokin 'Yan Sanda da Shari'ar Laifuka a Najeriya

Aikin ɗan sanda a Najeriya ya samo asali ne daga bukatun Turawan mulkin mallaka. A 1861 aka kafa wata 'yar ƙaramar rundunar tsaro a Legas, kuma Hausawa sun yi yawa a cikin dakarun da suka biyo bayanta, har aka riƙa kiran rundunar da sunansu. A 1930 aka haɗe rundunar Arewa da ta Kudu, sannan a 1943 aka yi dokar da ta tsara aikinta. Wannan doka, wadda aka yi don kare gwamnati kafin talaka, ita ce ta ci gaba da aiki shekara saba'in da bakwai, sai 'yan kwaskwarima nan da can. A Arewa kuwa akwai 'yan dokan En'e a ƙarƙashin sarakuna, waɗanda aka fara narkar da su cikin rundunar tarayya bayan juyin mulkin 1966.

A da, tsarin shari'ar laifuka shi ma a rabe yake. Kudu tana bin dokar 1945, Arewa kuma tana bin kundin 1960 da aka yi koyi da na Sudan wajen tsara shi. Dukansu ba su toshe wata kafa da ta zama ruwan dare ba: ɗan sanda ya kai mutum gaban majistaren da ba shi da hurumin sauraron laifin, a tura shi gidan yari da sunan jiran shawarar ma'aikatar shari'a, fayil ya ɓace, mutum ya shekara biyar ko goma ba a ce masa ya yi laifi ko bai yi ba. Da haka masu jiran shari'a suka kai kusan kashi biyu bisa uku na mutanen da ke tsare.

Tun zamanin soja ƙungiyoyi irin su PRAWA da CLEEN suka fara tattara shaidar azabtarwa da tsarewa ba bisa ƙa'ida ba. Da farar hula suka karɓi mulki a 1999, gwamnati ta kafa kwamitoci bi da bi, na Ɗanmadami a 2006, na M.D. Yusuf a 2008, na Parry Osayande a 2012. Rahotanninsu sun faɗi gaskiya, amma akasarinsu a durowa suka ƙare. Wannan ne ya karkata hankalin lauyoyi da 'yan ƙungiyoyi zuwa majalisa, domin shawara ana iya ajiye ta, doka kuwa ana iya kai ƙara a kanta.

Jihar Legas ce ta fara, da dokarta ta shari'ar laifuka ta 2007. Ta tarayya ta daɗe tana yawo a majalisa kafin Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu a watan Mayun 2015, daf da saukarsa. Dokar, da aka fi sani da ACJA, ta taɓa abubuwan da talaka ya sani a aikace. Ta hana kama uba ko mata a madadin wanda ake nema. Ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Ta fito fili ta ce mace tana iya tsayawa mutum beli, abin da a da ake ƙi a ofisoshin 'yan sanda ba tare da wata hujja ba. Ta ɗora wa manyan majistarori zagaya wuraren tsare mutane kowane wata, ta ƙayyade kwanakin tsarewa kafin shari'a, ta kuma rage yawan ɗage zama. Sai dai ikonta ya tsaya ga kotunan tarayya da Abuja, don haka sai da kowace jiha ta yi tata. Kaduna a 2017, Kano a 2019.

Wasu dokokin sun biyo baya a zamanin Shugaba Muhammadu Buhari. Ta 2017 ta mai da azabtarwa laifi mai hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara 25. Ta 2019 ta sauya sunan gidajen yari zuwa gidajen gyaran hali, ta ƙarfafa hukunce-hukuncen da ba na ɗauri ba. A watan Satumban 2020 aka soke dokar 1943, aka kawo sabuwa mai tanadin wa'adin shekara huɗu ga Sufeto Janar da kwamitocin haɗa kai da jama'a.

Ba a cika wata guda ba zanga-zangar EndSARS ta ɓarke, kan rundunar yaƙi da fashi da aka kafa a 1992, aka kuma rusa rundunar ranar 11 ga Oktoba. Galibin abubuwan da matasan ke kuka da su doka ta riga ta haramta su, aiwatarwa ce ta gagara. Kotun Ƙoli ma a 2020 ta soke tanadin ACJA da ya ba alƙalin da aka ɗaga zuwa kotun ɗaukaka ƙara damar ƙarasa shari'ar da ya faro, a ƙarar da ta shafi Orji Uzor Kalu. Daga nan muhawara ta koma kan 'yan sandan jihohi, wadda ta shafi sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 da ya amince da runduna ɗaya tak, kuma gyara shi yana bukatar amincewar majalisun jihohi 24.