Ranar da Bindigogi Suka Shiga Majalisar Kalifoniya

A ranar 2 ga Mayu, 1967, 'yan ƙungiyar Black Panther kusan 30 suka isa ginin majalisar dokokin Kalifoniya da ke Sakaramento, da yawansu riƙe da bindigogi. Riƙon bindigar bai saɓa wa doka ba. A lokacin jihar ta halatta wa mutum yawo da bindiga mai harsashi, muddin bai ɓoye ta ba.

Wannan damar ce Huey Newton da Bobby Seale suka kama tun 1966. Sukan bi motocin 'yan sanda a unguwannin baƙar fata na Oklan, su tsaya daga gefe da makamansu suna sa ido kan yadda ake kama mutane. A wurinsu kare kai ne. A wurin ɗan majalisa Don Mulford kuwa, barazana ce ga zaman lafiya, shi ya sa ya gabatar da ƙudurin haramta hakan. Zuwan da suka yi don adawa da ƙudurin sai ya ƙara masa magoya baya.

A watan Yuli Gwamna Ronald Reagan ya sa hannu, shi da masu rajin 'yancin bindiga suka mara wa baya daga bisani har ya zama shugaban ƙasa. Dokar ba ta ambaci launin fata ba, amma kowa a Oklan ya san waɗanda aka nufa.