Meshack Asare, Mutumin Da Ya Zana Yaranmu A Littafi

Ni sana'ata magana ce a rediyo, ita kuwa rediyo ba ta nuna hoto. Ban taɓa jin wannan ya dame ni ba sai wata Asabar da na ɗauko littafin Sosu's Call na riƙa mayar wa yara labarinsa da Hausa a shirinmu na safe a nan Kumasi. Ina magana ina kallon zanen, na san rabin labarin yana kan takarda, ba zai kai kunnen kowa ba. Daga ranar na shiga bin tarihin mai littafin.

An haifi Meshack Asare a 1945 a garin Nyankumasi da ke kudancin Ghana, lokacin ƙasar tana hannun Turawan Ingila ana ce mata Gold Coast. Yaran zamaninsa da littattafan Ingila suka koyi karatu, masu hotunan ƙanƙara da gidajen da ba su taɓa gani ba. Ya koyi zane a kwalejin zane ta Kumasi, sannan ya yi shekara goma da wani abu yana koyarwa. Yana cikin koyarwar ne ya fara rubuta wa yara labari yana zana hotunan da hannunsa. A 1970 ya fitar da Tawia Goes to Sea, labarin wani yaro a ƙauyen masunta da ke ɗokin shiga teku. Yaron Ghana ya buɗe littafi ya ga kwalekwale da raga da fuska irin tasa.

Bayan wannan sai aka ji shi shiru wajen shekara goma. Duk wanda ya tambayi iyayensa ya san halin da Ghana ta shiga a shekarun 1970: juyin mulki a kan juyin mulki, kuɗi ya karye, sabulu da sukari ma sai an bi layi, balle takardar buga littafi mai launi. Sai 1981 ya dawo da The Brassman's Secret, wanda a ganina a nan ne ya nuna ko shi wane ne.

Labarin Kwajo ne, ɗan maƙerin tagulla a ƙasar Asante, masu ƙera 'yan gumakan da ake auna garin zinariya da su. Maƙeri yakan siffanta abu da kakin zuma, ya lulluɓe shi da yumɓu, ya gasa kakin ya narke ya fita, sannan ya zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Da yawa daga cikin ma'aunan nan karin magana ne a siffar mutum ko dabba, kuma tsarin awon yana da alaƙa da miskalin da fataken Wangarawa suka zo da shi daga arewa. Asare ya sa ɗaya daga cikinsu ya rayu ya ja Kwajo cikin duniyar da, inda aka jarraba shi da dukiya. Littafin ya ci kyautar Noma ta 1982, kyautar da Mariama Ba ta Senegal ta fara ci a 1980. Littafin yara ne ya tsaya sahu ɗaya da na manya.

Daga nan ya fita waje. Ya karanci ilimin al'adun al'umma a makarantar SOAS ta Landan, daga baya ya zauna a Jamus, amma alƙalaminsa bai bar Afirka ba. Chipo and the Bird on the Hill na 1984 a tsohuwar daular Zimbabwe ya kafa shi, Meliga's Day kuma yaro ne makiyayi a arewacin Ghana.

Sosu's Call ya fito a 1997 daga kamfanin Sub-Saharan Publishers na Accra. Sosu yaro ne da ba ya iya tafiya, a wani ƙauye tsakanin teku da tafki. Mutane suna ganin fitarsa rashin sa'a ce, don haka kullum yana gida shi da karensa Fusa. Ranar da ruwa ya taso zai cinye ƙauyen, masu ƙarfi duk suna gona da wurin su, sai ya ja jiki cikin iska da ruwa har inda ake ajiye gangunan sarki, ya buga, jama'a suka ji suka sheƙo aka kwashe tsofaffi da ƙananan yara. A ƙarshe ya sami keken guragu ya shiga makaranta. Littafin ya ci kyautar UNESCO ta 1999, kuma da aka zaɓi littattafan Afirka 100 mafi inganci na ƙarni na 20, yana cikin 12 na sama. A 2015 Asare ya zama ɗan Afirka na farko da aka ba kyautar NSK Neustadt ta adabin yara a Amurka.

Abin da ban faɗa a rediyo ba shi ne, a gidanmu akwai Sosu. Shan inna ya kama ƙanena yana ɗan shekara biyu, kuma sai da ya shekara 11 kafin ya ga ƙofar aji. Ba ƙiyayya ba ce. Mma ta kan ce, "Ku bar min ɗana a gida, kada yara su yi masa dariya." Tausayi ya tsare shi kamar yadda camfi ya tsare Sosu, kuma ɗaki ɗaya suka ƙare.

Yau yana gyaran waya a zango, da matarsa da 'yarsa. Da na kai masa littafin bai karanta ba tukuna, shafi ya yi ta buɗewa har ya kai inda yaron ke jan jiki cikin ruwa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yaya, wannan mai zanen ya san yadda hannu ke yi in shi ne ƙafa." Ya hana ni littafin. Ya ce 'yarsa za ta fara karatu da shi, in kuma an samu mai mayar da shi Hausa, a kawo wa Mma nata.